Na'imatu da Ƙugin Lasifika

Na'imatu, matar Issahaku mai lasifika, maƙwabciyata ce a zangon Yendi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajera, ana miƙa gishiri ta samanta. Ni Sahada abincin biki nake dafawa, su kuma sauti suke kaiwa, don haka sau da yawa mota ɗaya ke kwasar tukwanena da akwatunansu zuwa gidan suna ko gidan aure. Abin da zan ba da a kanta, wani na gani da idona, wani kuma ita ta gaya mini muna tsinkar ganyen miya na ayoyo a tsakar gida.

A Salaga aka haife ta, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen fatake. Kakannin kakanninta fataucin goro suka yi, na yanzu kuwa doya da masara suke lodawa zuwa Kumasi. Tun tana ƙarama kakarta ta wajen uba, Mma Atikatu, ta ɗauke ta, ta ce ɗakinta ya yi shiru da yawa. Mma Atikatu mace ce mai fara'a da son hira, kuma duk Salaga an san ta da doguwar addu'a. In ta ɗaga hannu a wurin suna, masu abinci a kan wuta sukan je su rage itace su dawo, su tarar ba ta kai rabi ba. Ba wanda ke jin haushi, domin sai ta ambaci kowa da sunansa, har wanda wucewa kawai ya zo yi.

Da Na'imatu ta gama makaranta aka kai ta koyon ɗinki kusa da kasuwa. A nan aka gane Allah ya ba ta kunne. Kekuna na ta ƙara a shago, amma sai ta ɗago kai ta ce wa wata, "Tsaya, kekenki na son mai," ko kuma, "Allurarki ta lanƙwashe." A duba, a ga haka ne. Har uwar ɗakinta ta daina kiran mai gyara sai in abin ya yi girma.

Kunnen nan ne ya haɗa ta da Issahaku. An ɗauko shi daga Yendi ya kawo sauti bikin wata ƙawarta. A lokacin saurayi ne dogo mai yawan dariya, hula a karkace, yana ji da kayansa. Ana cikin rawa ta zagayo bayan teburinsa ta ce, "Malam, akwatinka na hagu ya yage a ciki."

Ya dube ta ya ce, "Wane akwati? Wannan da na saya bara?"

"Shi. In ganga ta buga sai ya yi kamar ana karkaɗa takarda."

Ya yi dariya ya ce ta koma filin rawa. Amma da ya isa Yendi ya kwance akwatin, sai ga takardar lasifikar ta tsage ta gefe. Ba a jima ba ya bayyana a shagon ɗinkin da riga a hannu, wai aljihu ya farke. Daga Yendi zuwa Salaga ba kusa ba ne, kuma telolin Yendi ba su ƙare ba. 'Yan shagon suka yi ta ƙunshe dariya. Ya sake zuwa da wando, ya sake zuwa da labulen ɗakin mahaifiyarsa. Ran da ya kawo rigar da ko yaro ya san da reza aka farke ta, Na'imatu ta ce, "Malam Issahaku, kafin ka gama da kayan gidanku, ga gidan kakata can bayan masallaci." Haka aka yi auren, aka kawo ta Yendi da kekenta.

Shekarun farko kowa na kan sana'arsa. Ita tana ɗinki a baranda, shi yana yawon bukukuwa. Suka haifi Nazif, daga nan ta koma kiransa Baban Nazif. Kayan aikinsa ba su da yawa a lokacin: makirufo, da amfilifaya, da manyan akwatunan lasifika, da mikisa, wato akwatin nan mai maɓallai birjik da duk muryoyi ke bi ta cikinsa kafin su fita.

Sai yayi ya canza. Masu biki suka fara son a kafa babban talabijin a ƙarƙashin rumfa, a riƙa nuna hotunan amarya tun tana rarrafe. Wasu kuma suna da 'yan uwa a Accra ko Italiya ko Jamus, suna so a kira su ta bidiyo, a ga fuskarsu a talabijin, a ji muryarsu a lasifika. Issahaku ba ya son a bar shi a baya. Ya sayo talabijin da kwamfutar tafi-da-gidanka, duk na gwanjo. Ya ja waya ɗaya daga kwamfutar zuwa talabijin don hoto, ya ja wata zuwa mikisa don murya.

Tun ranar farko wani ƙugi ya shigo cikin sautin. Ba ƙara ba ce mai fasa kunne. Wani zuuu ne mai kauri, a ƙasa-ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka. In kiɗa na tashi ba a cika jin sa ba. Amma da an tsayar da kiɗa liman zai yi addu'a, sai ya cika wurin. A wani suna a bayan kasuwa wata tsohuwa ta kama hannuna ina raba shinkafa, ta ce, "'Yar nan, zuma ce ta shiga rumfar nan?" Yara suka ji, suka bazama neman saƙar zuma a jikin ƙarafan rumfa. Kafin a tashi taron an raɗa wa maƙwabcina suna Issahaku mai zuma.

Shi dariya abin ya ba shi. Mutum ne da ya daɗe a gindin lasifika, kunnensa ya saba da komai. Da Na'imatu ta yi masa maganar a gida, na ji su ta katanga.

Ya ce, "Numfashinta ne. Duk lasifika mai rai tana numfashi."

"Baban Nazif, da can ba ta yi."

"Da can ba a aza mata talabijin a kai ba. Ke in aka ɗora miki buhun doya ba kya nishi?"

Ta yi dariya, amma ba ta yarda ba. Ta gaya mini cewa in ta zauna a wurin bikin da ya kafa kayan, ƙugin nan yana bin ta har gida, tana kwance tana jin sa a haƙoranta.

Wata rana da hantsi Issahaku ya tafi Saboba gaisuwar rasuwa. Na ɗora wake a wuta ke nan sai na ji ta a kan katanga. "Yaya Sahada, zo ki kama mini akwatunan nan."

Muka fito da komai tsakar gida. Na ce mata, "Kin san yadda ake haɗa su kuwa?"

Ta ce, "Na gaji da ganin ana haɗawa. Ki zauna nan kusa da lasifika, in kin ji zuma ki faɗa."

Ta fara da amfilifaya da lasifika kaɗai. Ta kunna, shiru. Ta haɗa mikisa, shiru. Ta sa makirufo ta yi sallama, muryarta ta fita tas, har maƙwabta suka amsa daga gidajensu. Ta haɗa kwamfuta ba tare da caja ba, ta sa waƙa, ta tsayar. Nan ma shiru. Da ta sa caja, ni ban ji komai ba, amma ita ta karkata kai ta ce akwai wani ɗan siririn kuka, sai dai ba shi take nema ba. Ya rage talabijin. Soket ɗin baranda ya cika, don haka ta zura wayar wutarsa ta taga ta sa a soket ɗin ɗaki, yadda mijinta ke neman ko wane soket ne kusa in ya je gidan biki. Tana haɗa wayar hoto da kwamfuta, ƙugin ya taso.

Na ce, "Ga zumarki."

Ta cire wayar, ya tsaya. Ta mayar, ya dawo.

Na ce, "To talabijin ne ya lalace. A mayar wa mai shi."

Ta girgiza kai. Ta kunna talabijin shi kaɗai, muryarsa lafiya lau, hotonsa lafiya lau. Ta zauna a kan turmi ta zuba wa wayoyin ido, ta daɗe. Can ta ce, "Duk sauran daga baranda suke shan wuta. Shi kaɗai ne ke sha daga ɗaki." Ta tashi ta ɗauko soket mai baki da yawa da take sa dutsen guga a kai, ta jera filogin kowa a kansa, har da na talabijin. Ta haɗa wayar hoto. Muka kasa kunne. Zumar ta tafi.

Ta dube ni, na dube ta. Ta mayar da filogin talabijin ɗaki, ƙugi ya dawo. Ta dawo da shi baranda, ya tafi. Ta yi ta yi tana dariya kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi, ni ma ina taya ta, har sai da ƙaurin wakena ya tsallako katanga. Ranar nan garin rogo muka jiƙa a gidana, kuma ban yi da-na-sani ba.

Ta kashe ƙugin, amma ba ta san dalilinsa ba, kuma wannan ya dame ta. Washegari ta ja ni kasuwa wurin Muniru mai sayar da wayoyi da kayan wuta. Muniru Badagombe ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya saurari labarin har ƙarshe yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Anti, kai ya yi daidai. Ka ga filogi yana da ƙafa uku? Wannan babba na sama, aikinsa ya kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace. To ƙasan soket na ɗaki da ƙasan soket na baranda ba daidai suke ba. Kamar randa biyu ne, ɗaya a kan tebur ɗaya a ƙasa. In ka haɗa su da tiyo, ruwa zai bi. Wayar hoto da wayar murya su ne tiyo. Wuta kaɗan yana bi ciki yana zagayawa, lasifika kuma duk abin da ya bi waya sai ya faɗa."

Na'imatu ta ce, "Shi ya sa da suka sha daga wuri ɗaya ya tsaya."

"Shi ne. Amma ka nemi soket mai waya kauri, kada ya yi zafi."

Ta tambaye shi game da siririn kukan caja. Ya ce akwai wani ɗan akwati da bai fi gidan ashana girma sosai ba, wayar murya ta shiga ta nan ta fita ta can. Murya na wucewa, wutar da ke zagayawa ba ta wucewa. Ya ce zai sa a kawo mata daga Tamale. Har mun juya ya kira mu. Ya ce, "Anti, abu ɗaya. Wasu suna karya ƙafa na uku, ƙugi ya tsaya. Kada ka yi. Ran da wuta ya kuɓuce, ba shi da hanya sai ta jikin wanda ya riƙe makirufo."

Da Issahaku ya dawo daga Saboba ya tarar da kayansa a jere a tsakar gida. Kafin ya buɗe baki ta zaunar da shi a kujera ta ce ya rufe ido. Ta kunna komai yadda ta gyara. Ya ce shi bai ji wani bambanci ba. Ta ce to ya ci gaba da rufe ido. Ta bar shi cikin shirun nan ya ɗan jima, sannan ta mayar da filogin talabijin ɗaki. Ƙugin ya taso. Sai na ga ya yamutsa fuska.

Ya ce, "A'a, mayar yadda yake."

Ta mayar. Ya buɗe ido ya dubi lasifikar, ya dube ta. Ya ce, "Ashe da wannan nake yawo a gari, mutane suna haƙuri da ni."

Issahaku ba mai ɓoye abin alheri ba ne. Kafin sati ya zagayo, daga tashar mota har bakin masallaci babu wanda bai gaya wa ba cewa matarsa ta kori zuma. Ya fara tafiya da ita wurin aiki. Sannu a hankali mata suka gane akwai wata riba: ranar lalle da walimar mata, ba sai an shigo da namiji tsakar gida ba. Issahaku ya sauke akwatuna a ƙofa, Na'imatu ta haɗa komai ta zauna bayan mikisa da mayafinta, mata su saki jiki su yi rawarsu.

Babban aikin da ya fi zama mata a rai a Bawku aka yi shi. Baffanta, Alhaji Aruna, ya daɗe can yana cinikin albasa da shanu, kuma zai aurar da 'yarsa Hikmat. Mma Atikatu kakar Hikmat ce kamar yadda take kakar Na'imatu, amma tsufa ya kama mata gwiwoyi, ko masallacin bayan gida sai an riƙe ta. Tafiya daga Salaga zuwa Bawku ba ta taso ba. Hikmat kuwa ta ce ba za ta fita daga gidan ubanta ba sai da addu'ar Mma. Na'imatu ta ce a bar mata wannan. Za a kira Mma ta bidiyo, a sa ta a talabijin, kowa ya gan ta ya ji ta. A Salaga, Ayisha, matar ɗaya daga cikin jikokin gidan, za ta riƙe mata waya.

Ni ma aka ɗauke ni girki. Muka loda tukwane da akwatuna a mota, muka bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri kowa na salati, muka ratsa Garu muka shiga Bawku.

Ranar kai amarya gidan ya cika tun da safe, domin mutanen Bawku a shekarun nan suna son a gama biki da sauran rana saboda rikicin da garin ke fama da shi. Ga Hausawa, ga Kusasi, ga Mosi, ga Bisa, ga 'yan uwan ango daga Pusiga, kowa na gaisuwa da harshensa ana amsa masa da wani. Na'imatu da mijinta sun kafa kaya tun kafin rana ta yi zafi. Duka suka ɗora su a kan janareta ɗaya, soket ɗaya, ɗan akwatin Muniru kuma yana tsakanin kwamfuta da mikisa. Ta gwada, shiru kamar ba a kunna ba. Ta shiga ɗaki taya amarya ɗaurin kallabi.

Tana ciki mai ɗaukar bidiyo ya iso, wani saurayi mai ladabi daga Pusiga, sunansa Samed. Dangin ango ne suka ɗauko shi. Ya roƙi Issahaku ya ba shi waya ɗaya daga mikisa don muryar bidiyonsa ta fita da kyau. Issahaku ya ba shi. Ina bakin murhu ina juya miya na ji zumar ta dawo, kuma wannan karon ta fi ta Yendi kauri. Ban gama ɗago kai ba sai ga Na'imatu ta fito daga ɗakin amarya da fil a baki.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta tsuguna bayan tebur ta fara cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa. Da ta cire ta Samed, ƙugin ya ɗauke. Ta ce, "Ƙanena, daga ina kayanka ke shan wuta?"

Ya nuna wata doguwar waya da ta haura katanga ta shiga gidan maƙwabta. Ya ce ya ga janareta ta ɗauki kaya da yawa, shi ya sa ya roƙi maƙwabta. Issahaku ya je ya duba janaretar ya dawo ya ce gaskiyar yaron ce, in aka ƙara mata ko fitila ɗaya za ta shaƙe.

Samed ya ce, "Anti, ina da filaya a jaka. In na cire ƙafa ta uku a filogina, yanzu zai tsaya. Mun saba yi."

Ta ce, "Na san zai tsaya. Amma makirufon nan Hikmat ce za ta riƙe, ga zufa, ga ƙasa an yayyafa ruwa. Kai ma hannunka na kan ƙarfe duk yini."

Ya ce, "Haka ne, Anti. To yaya za mu yi? In babu murya, dangin ango za su ce ban yi aiki ba."

Ɗan akwatin guda ɗaya ne gare ta. Ta dube shi, ta dubi kwamfuta. Sai ta cire shi ta sa a kan wayar Samed, ƙugin ya mutu nan take. Siririn kukan caja ya fito a madadinsa, ta zare cajar, shi ma ya tafi. Yanzu komai tas, sai dai kwamfutar ta koma kan batirinta, batirin kuwa na gwanjo ne, ya ga duniya.

Issahaku ya leƙo ya ga abin da ta yi. Ya ce a hankali, "Maman Nazif, tsakanin batirin nan da addu'ar Mma, wa kike ganin zai riga gajiya?"

Ta ce, "Je ka ce a fito da amarya yanzu."

Aka fito da Hikmat lulluɓe, aka zaunar da ita a gaban talabijin. Na'imatu ta kira Salaga. Da farko goshi da rabin hanci ne suka cika talabijin, ana jin Ayisha na cewa, "Mma, ki ɗan ja baya." Sai ga fuskar tsohuwa gaba ɗaya, da farin mayafi da carbi a hannu. Ta ce, "Ina Hikmat ɗin? Buɗe fuskar in gani, ai ni ba baƙuwa ba ce."

Muryar ta fito kamar tana zaune a tabarma tare da mu. Ana jin ƙwayoyin carbinta na haɗuwa. Wani zakara ya yi cara a tsakar gidansu na Salaga, yaran Bawku suka waiga suna nemansa. Hikmat ta ɗaga mayafi tana dariya, hawaye na zuba. Alhaji Aruna, wanda ke tsaye a bakin zaure, ya cire tabarau ya goge.

Mma Atikatu ta ɗaga hannu. Ta fara da iyayen da suka bi hanyar goro, ta ambace su ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kan 'ya'yanta, na raye da waɗanda suka riga mu. Ta yi wa amarya, ta yi wa ango, ta tambayi sunan mahaifiyar ango aka gaya mata ta yi mata. Ta yi wa garin Bawku addu'ar zaman lafiya, a nan amin ɗin ta fi ko'ina ƙarfi. Ta yi wa masu girki, ta ce Allah ya tsare su daga ƙuna, na amsa da ludayi a hannu. Duk wannan lokaci Na'imatu hannunta ɗaya na sama tana amin, ido kuwa na kan alamar batiri. Ta rage hasken kwamfutar har ya kusa ɗaukewa. Alamar ta koma ja. Issahaku na gefe yana amin da sauri-sauri, kamar hakan zai sa tsohuwar ta hanzarta.

Allah ya sa ta kai fatiha. Aka shafa, guɗa ta tashi. Na'imatu ta sauke numfashi. Sai Mma ta matso da fuska ta ce, "Saura abu ɗaya, Hikmat, ki buɗe kunne. In za ki yi wa mijinki miyar kuka, ko da wasa kada ki..."

Talabijin ya yi baƙi.

Sai dariya ta fashe ko'ina. Wata tsohuwa Bamosiya ta yi dariya har sai da aka riƙe ta. Duk sauran yinin ba a yi wata hira ba sai wannan. Wata ta ce kada ki zuba kuka ruwa na tafasa. Wata ta ce kada ki cika daddawa. Wata ta ce kada ki bar uwar miji ta ga yadda kike yi. Aka zo wurina a matsayina na mai girki, na ce ni ma jira nake in ji. Da aka natsa Hikmat ta kira kakarta ta waya. Mma ta ce ita ba za ta ƙarasa ba, maganar miya ba ta waya ba ce, in tana so ta ji ta kawo mijinta Salaga su gaishe ta. Bayan ƙaramar salla suka je. Har yau Hikmat ba ta gaya wa kowa abin da aka ce kada ta yi ba.

Samed ya zo sallama da yamma. Ya sa wa Na'imatu abin sauraro a kunne ta ji addu'ar a bidiyonsa, babu ko ɗigon ƙugi. Ya karɓi lambar Muniru, ya ce shi ma zai sa a kawo masa ɗan akwatin.

Yanzu Na'imatu tana ɗinki farkon mako, ƙarshen mako kuma tana bayan mikisa. Ta sa an canza batirin kwamfutar, ta ƙara sayen ɗan akwati na ajiya. Daga Saboba da Bimbila ana kiranta, wani lokaci ma ba biki ba, mai gidan kallon ƙwallo ne ko malamar Islamiyya za ta ɗora waya kusa da lasifika ta ce, "Saurari wannan." Ita kuma ta ce a fara cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a gaya mata inda ya tsaya.

Amma ni abin da na fi tunawa shi ne dawowarmu daga Bawku. Alhaji Aruna ya haɗa mu da buhun albasa da kwandon zabi masu rai. Aka ɗora kwandon a kan akwatunan lasifika, daidai bayan kawunanmu. Tun daga Garu zabin nan suka fara kuka, ba su huta ba, in ɗaya ta gaji wata ta karɓa. Direba ya ƙara rediyo, suka fi rediyo. Muna hawan Nakpanduri Issahaku ya juyo ya ce, "Maman Nazif, ki duba mana waɗannan, ko daga soket daban suke shan wuta."

Ta ce, "Waɗannan ba aikina ba ne. Aikin Yaya Sahada ne."

Na karɓi aikin. Washegarin isowarmu aka yanka zabin, na yi miyar gyaɗa mai yaji da su, Na'imatu ta tuƙa tuwo, muka aika wa Muniru kwano ɗaya kasuwa. Sauran muka zauna a tsakar gidansu muka cinye, Nazif ya siɗe tukunya.